Yadda na gyara ƙasa kafin shuka ciyawa a farfajiyar gidana a Kaduna

Duk wanda ya gina gida a Kaduna ya san irin filin da magina ke bari bayan sun tashi: jar ƙasa mai marmara wadda tifofi suka daddanne, ga ɓaraguzan bulo da busasshen kwaɓin siminti a binne cikinta. Haka na tarar da farfajiyata a Kinkinau lokacin da na yi niyyar shuka ciyawar ƙiri-ƙiri, wadda masu sayar da furanni a bakin titi suke kira Bahama. Ina tsugunnawa na duba na gane cewa kuɗin iri shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zan kashe.

Na fara aikin a ƙarshen Afrilu, bayan ruwan farko ya ɗan tausasa ƙasa, domin a watan Maris diga ma tsalle take yi a kan marmara. Da taimakon wani ɗan'uwana muka kafce filin zurfin santimita 20, muna tsince duwatsu da guntayen siminti muna fitarwa a baro, saboda duk inda aka bar su a ƙasa ciyawar wurin ce ke fara bushewa idan hunturu ya shigo. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tofa da aya-aya. Sara su da fartanya ba ya kashe su, yana ma ƙara yaɗa su, domin kowane guntun saiwa ko ƙwayar aya da ya rage a ƙasa sai ya sake tsirowa, don haka da hannu muka riƙa bin su muna zarowa.

Daga nan na sa aka kawo baƙar ƙasa daga fadama da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe, muka cakuɗa su da ƙasar wurin maimakon mu shimfiɗa su a sama kawai, don saiwa ta sami hanyar nutsewa. Ɗanyen kashin kaji na guje shi, ko da yake ya fi sauƙin samu, domin yana ƙona tsiro. Shi ma takin shanun yana da nasa aibin, tunda yana zuwa da irin ciyawar da dabbobin suka ci, kuma idan akwai tattaka a cikinsa yakan jawo gara. Maganin da na samu shi ne haƙuri: na baje filin da manjagara, na bar shi kamar mako uku ruwan sama yana jiƙa shi, duk ciyawar da ta leƙo na nome ta sama-sama tun tana ƙarama. Maƙwabcina ya yi ta zolayata cewa, “Malam, ka gyara gona ka manta da shuka,” amma wannan jiran ne ya rage mini ciran ciyawa a sauran daminar.

Batun gangara kuwa, a ganina shi ne inda aka fi yin sakaci. Ruwan Agusta da Satumba a Kaduna ba ya tausaya wa fili mai kwari, kuma ƙiri-ƙiri ba ta son kwanciyar ruwa. Na ɗaura igiya tsakanin turaku, na karkatar da filin kusan santimita 2 a kowace mita daga jikin gini zuwa kwalbati, sannan na bi shi da sawu ina tattakawa, ina cike duk wurin da ya lotsa.

A farkon Yuni, da ruwa ya zauna, na watsa ɗan takin zamani NPK 15-15-15, na gauraya irin da busasshen yashi saboda ƙanƙantarsa, na yafa rabi a tsaye rabi a kwance don kada wani sashe ya yi sanƙo. Ban binne shi ba, na dai ja bayan manjagara a hankali, na kuma zagaye wurin da tsohuwar raga saboda kajin maƙwabta da ƙwallon yara.