Ba duk mai suka ne ɗan adawa ba

Aikina duba fassarar labarai kafin a karanta su a rediyo, kuma har yau raina na ɓaci idan na tuna wani labarin kasafin kuɗi. Takardar Turanci ta ce critics of the budget, fassara ta fita da "'yan adawa". Alhali likitoci ne da wasu 'yan majalisa na jam'iyyar gwamnan kansa suka soki kasafin. Kafin la'asar wayar ofis ta ƙi hutawa, washegari muka karanta gyara, muka ba da haƙuri. Kalma ɗaya ta sauya wa mutane sheƙa ba da saninsu ba.

Critic mai suka ne kawai. Ba kujerarka yake nema ba, yana ma iya zama ɗan gida. Idan na fim ne ko na littafi, mai sharhi ne, don wani lokaci yabo yake yi. Wanda ke kushe don ɓata suna shi ne detractor, kuma duk marubucin da ya zaɓi wannan kalma ya riga ya ɗauki ɓangare. 'Yan adawa kuwa opposition ne, jam'iyyar da ba ta kan mulki.

Rival shi ne wanda kuke neman abu ɗaya, kuma kun daɗe kuna ja, irin Real Madrid da Barcelona: abokin hamayya. A Turancin Ghana har kishiya ake kira da shi. Opponent na karo ɗaya ne, wanda aka haɗa ku a filin dambe yau, gobe wani ne. Competitor na kasuwa ne, MTN da Airtel. "Abokin gaba" da "maƙiyi" na enemy ne, kada a kai su inda babu gaba.

Yanzu da na ga critics sai in tsayar da takarda, in gangara sakin layi na gaba in nemo su waye. Idan an ambace su, in rubuta "ƙungiyar likitoci ta soki". Idan ba a ambata ba, "masu sukar kasafin", ban ƙara ko harafi ba. Sababbin ma'aikata na cewa na cika tsanani. Ba su ne suka ɗauki wayar ɗan majalisar nan ba, yana tambaya yaushe ya bar jam'iyyarsa.