Murjanin da ake reno a falo

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce kiwon murjani cikin akwatin gilashi a falo. Da hannunsu suke haɗa ruwan gishirin, su kafa fitilu masu shuɗin haske, safe da yamma suna auna zafin ruwa. In reshe ya yi tsawo sai su gutsure shi, su manna guntun a kan ɗan dutse da gam, bayan wasu watanni ya tofo. Wasu su sayar, wasu su yi musaya da abokai. Yanzu kuma akwai masu son bayar da shi kyauta ga masu farfaɗo da murjanin teku.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ne ya nuna mini a wayarsa, don ya san sana'ata renon itatuwa ce a nan Damagaram. Ya ce, "Yaya, ga abokan sana'arka." Ni murjanin da na sani shi ne jan nan na wuyan kakarmu, wanda ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda ke gina duwatsun ƙarƙashin teku ɗan uwansa ne: ƙananan dabbobi cunkushe wuri ɗaya, a jikinsu akwai wata irin gansakuka mai ciyar da su ta hasken rana. Da zarar ruwa ya yi zafi fiye da kima sai murjanin ya kore ta, ya yi fari fat. In zafin ya daɗe, yunwa ta kashe shi. Duwatsun nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in halittun teku da su suka dogara.

Masu akwatunan gilashi sun riga sun yi rawar gani, wannan ba a musu. Ken Nedimyer, wanda ya kafa ƙungiyar farfaɗo da murjani ta Coral Restoration Foundation a jihar Filorida ta Amurka a 2007, asalinsa mai kamo kifi ne yana sayar wa masu kiwon ado. Gutsurawa da mannawar nan da ake yi a falo ita ce dai ake yi a gonakin murjani na cikin teku. A watan Yulin 2023, da ruwan kudancin Filorida ya haura digiri 38 a wani wurin, kwaso dubban murjani aka yi aka kai tankunan tudu, aka riƙe su da irin dabarun nan har ruwa ya huce.

Inda nake da ja shi ne a ɗauki murjanin falo a zuba a teku. Yawancinsa daga Indunusiya da Ostareliya aka samo asalinsa, ya bi hannu da hannu shekara da shekaru, ya zauna akwati ɗaya da na wasu tekunan. Wa zai rantse ba ya ɗauke da ƙwari ko cuta? Filorida kuwa ta san irin ɓarnar da cuta ke yi wa murjani: cutar da ta ɓulla kusa da Miyami a 2014 tana cinye naman murjani, ta bazu har tsibiran Karebiyan. Mu masu renon itace mun ga irin wannan. Ƙayar prosopis da aka shigo da ita da kyakkyawar niyya don tare hamada, je ka wajen Gigimi ka ga yadda ta mamaye bakin Tafkin Chadi. Gawon da ya rayar da gonakin Magariya da Matamaye kuwa ɗan ƙasa ne, manoma suka bar shi ya tofo suna yi masa sassabe.

Don haka kyautar da na fi ganin amfaninta ita ce a kai murjanin ga ɗakunan bincike, a yi gwajin jure zafi da magani a kansa, ba sai an ciro na teku ba. Sai kuma ƙwarewar hannun. A 2013, Jamie Craggs na gidan tarihin Horniman a Landan ya sa murjani ya saki ƙwai cikin tanki, ta hanyar kwaikwayon hasken wata da zafin kowane lokaci na shekara. Da wannan dabarar gidan kifi na Florida Aquarium ya samu wani murjanin yankinsu da ke dab da ƙarewa ya hayayyafa a 2019.