Yadda na bi sawun yawan mutanen Fordo

Lokacin da nake karatu a birnin Ƙum na ƙasar Iran aka ba mu aiki, kowa ya zaɓi gundumar karkara ɗaya ya rubuta yadda ake tafiyar da ita da yawan mutanenta. Na ɗauki Fordo, wadda ke cikin duwatsun kudancin Ƙum, gaba da garin Kahak, inda malamin falsafa Mulla Sadra ya taɓa keɓe kansa shekaru. Tashar nukiliyar da ake ji a labarai suna kawai ta ara, ita tana can arewa da birnin.

Tsarin a takarda ba wuya. Iran tana da larduna 31, ana ce wa kowanne ostan. Ƙarƙashinsa akwai shahrestan, sai bakhsh, sai dehestan, wato gundumar karkara irin Fordo, tarin ƙauyukan da aka ɗaure wuri guda. Shugabannin matakan sama duk naɗa su ake yi ta hannun ma'aikatar harkokin cikin gida. Abin da takarda ba ta faɗa shi ne, ita dehestan ɗin kusan layi ce a taswira. Mai neman izinin gini ko gyaran hanya wajen dehyar, wato mai gudanar da ƙauyensu, yake zuwa, in abin ya fi ƙarfinsa a wuce ofishin bakhshdar, shugaban bakhsh.

Dehyar ba kamar dagacinmu ba ne da ke gadon sarauta. Majalisar ƙauye ce ke zaɓensa, ita kuma jama'a ke zaɓenta duk shekara huɗu, tun 1999 da aka fara. Ƙauyen da bai wuce mutum 1,500 ba kujera uku yake samu, wanda ya wuce yana da biyar. Ka ga ke nan ƙidaya tana taɓa kujera, tana kuma taɓa kason kuɗin da ke zuwa daga sama.

A nan aikin ya yi nauyi. Cibiyar Ƙididdiga ta Iran ta yi ƙidaya a 2006 da 2011 da 2016, amma a takardunta 1385 da 1390 da 1395 za ka gani, don da kalandar Hijira ta rana suke aiki. A ta 2016 mutanen ƙasar sun kusa miliyan 80, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke karkara. Kowane ƙauye lamba biyu ake ba shi, ta mutane da ta iyalai. Na koyi kasa adadin mutanen bisa adadin iyalan kafin komai, don in ga mutum nawa ke cikin iyali ɗaya. In ka ga iyali bai kai mutum uku ba, to tsofaffi ne suka rage, matasa sun tafi Ƙum ko Tehran.

Da bazara na je, na tarar da motoci cike da lungu, yara na guje-guje a lambu, ana shimfiɗa darduma ƙarƙashin itatuwa. Mutanen birni ne suka gudo daga zafin Ƙum, da yawansu 'yan asalin wurin da ke riƙe da gidan kakanni. Ƙidaya kuwa da kaka aka yi ta, bayan duk sun koma. Wani dattijo ya ce min, "Ɗana, ruwa da shara na mutanen bazara muke ɗauka, amma kuɗin na mutanen hunturu ake aiko mana."

Wanda ya fi kowa sanin lissafin shi ne behvarz, ma'aikacin ƙaramin gidan lafiya na ƙauye. Kowane iyali yana da fayil a wurinsa, a farkon shekara kuma yakan sake ƙirga su. Ya zuba min shayi, ya nuna min yadda ake riƙe ƙwayar sukari a baki ana kurɓa, sannan ya bi gidajen da baki, wa ya haihu, wa ya rasu, wace tsohuwa ce ɗanta ya ɗauke ta zuwa birni. A ganina lissafinsa ya fi na hukuma kusa da gaskiya, ko da yake na hukumar ake rubutawa.

Sai batun iyaka. A 2021 aka cire Kahak daga shahrestan ɗin Ƙum ta zama shahrestan mai cin gashin kanta, aka sake yanka gundumomin da ke ciki. Duk wanda ya ɗora adadin 2016 kan Fordo ta yanzu yana iya ƙirga ƙauyukan da suka bar ta. Shi ya sa a rahotona na jera ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, kowace lamba na rubuta shekararta da wanda ya ƙirga ta a gefe.