Abin da taswirar walƙiya ta koya mini a aji

Cikin duk darussan labarin ƙasa da nake koyarwa a sakandare, babu wanda ya sauya mini salon koyarwa kamar babin hadari da tsawa. A littafi layi biyu ne: ƙasashe masu zafi sun fi yawan tsawa, shi ke nan. Ɗalibai su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Amma wannan amsa ba ta jure tambaya. Wata ɗaliba ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in zafi ne kawai, me ya sa Agadas ba ta fi Jos tsawa ba?" Tun daga ranar nake fara darasin da tambayarta.

Zafi kashi ɗaya ne cikin uku. Dole a samu laima a iska, kuma a samu abin da zai tunkuɗa iskar ta yi sama da ƙarfi. Idan iska mai ɗumi da laima ta haura kilomitoci masu yawa, takan isa inda sanyi ke daskarar da ruwa. A can ƙananan ƙanƙara da manya ke ta gugar juna, masu sauƙi su yi sama ɗauke da wani nau'in lantarki, masu nauyi su rage a ƙasan girgijen da kishiyarsa. In tazarar ta yi yawa, sai walƙiya ta tsage. Hamadar Sahara na da zafi amma ba laima. Teku kuwa laima har ta yi yawa, sai dai ruwa ba ya ɗaukar zafin rana da sauri kamar ƙasa, don haka iskar ba ta tashi da ƙarfi. Shi ya sa walƙiyar da ake yi a kan tudu ta ninka ta teku kusan sau 10.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne binciken da aka fitar a 2016, wanda ya tattara abin da wani tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya gani daga 1998 zuwa 2013. Wurin da ya zo na ɗaya a duniya shi ne tafkin Marakaibo a Benezuwela, inda ake samun walƙiya kusan 233 a kowane murabba'in kilomita a shekara, kuma ana yin ta dare kusan 297 cikin shekara. Tafkin na da ɗumi, tsaunuka sun kewaye shi ta ɓangare uku. Rana na faɗuwa sai iska mai sanyi ta gangaro daga tsaunukan, ta tarar da mai ɗumi a saman ruwa, ta cicciɓe ta sama. Kusan kullum haka, a wuri ɗaya, musamman bakin kogin Katatumbo.

Mafi yawan sauran jerin kuwa na Afirka ne. Shida cikin wurare goma na farko a nahiyarmu suke. Kabare da ke kusa da tafkin Kibu a gabashin Kongo ce ta biyu da kusan 205, sai Kampene da Sake da Butembo da Boende duk a Kongo, ga kuma Nguti a Kamaru, maƙwabciyarmu. Dajin Kongo yana fitar da tururi ba dare ba rana, rana na dukan ƙasa a tsaye, tsaunukan gabas kuma suna tilasta wa iska hawa. Idan na ɗora taswirar tsaunuka da tafkuna a kan ta walƙiya, ɗalibai da kansu suke gano inda suka dace tun kafin in buɗe baki.

Namu hadarin na arewa daban yake, kuma a nan nake daɗewa. Ba mu kai Kongo yawan kwanakin tsawa ba, amma in ya zo, da ƙarfi yake zuwa. Kowane yaro ya san ta gabas hadari ke tasowa. Gari ya yi tsit da zufa, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska mai sanyi ta kunno da jar ƙura, mata na rige-rigen kwashe shanya, kwanon rufi na ƙara, kafin ɗigon farko ya sauka. Abin da yara ba su sani ba shi ne laimar daga kudu maso yamma take zuwa, daga tekun Atlantika, tana tafe ƙasa-ƙasa. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Saɓanin iskokin nan biyu ne ke jera gizagizai su zama dogon layi mai cin ɗaruruwan kilomitoci, kuma sau da yawa daga tuddai irin na Jos ko duwatsun Azbin yake farawa da yamma. Mafi yawan ruwan da gero da dawarmu ke sha daga irin wannan hadari yake. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa mafi tsananinsu sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, kuma masanan sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara.

Ba na rufe babin sai mun yi maganar rai, domin yawancin ɗalibaina suna zuwa gona ko kiwo bayan an tashi. Ina koya musu lissafi mai sauƙi: daga ganin walƙiya zuwa jin ƙara, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In dai kana jin tsawa, tana iya kai maka. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, inda kowa ke fara rugawa, yana cikin wurare mafi hatsari, saboda lantarkin yakan bi gangar jikinta ya bazu a ƙasa. Wannan ne dalilin da kwarankwatsa ɗaya ke kashe shanu da yawa lokaci guda: tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya tana ba wutar hanya ta ratsa jikin dabbar. Nakan roƙe su su faɗa wa iyayensu da yayyensu makiyaya wannan, su bar fili su nemi ɗaki tun hadarin yana nesa.