Shinkafa uku ba lissafi ba ne

Ɗan ƙanwata ya rubuta wata 'yar manhajar waya don masu sayar da hatsi da kayan masarufi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, wadda za ta riƙe musu lissafin abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Shi ya san harkar kwamfuta, ni kuma na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare a nan Kumasi. Sai ya miƙo mini duk rubutun da ke fitowa a fuskar wayar, na Turanci da na Hausa, ya ce, "Kawu, duba mini ko akwai kuskuren harafi." Na harafi bai taka kara ya karya ba. Aikin yana cikin nahawu.

Layin farko da ya tsayar da ni shi ne "You have 3 rices". Ba yaron ne ya zauna ya rubuta haka ba. Ya koya wa manhajar ta ɗauki lamba, ta manna sunan kaya, in lambar ta wuce ɗaya ta ƙara harafin s a ƙarshe. Dabarar tana tafiya daidai a kan sabulu da ashana, amma da ta iso kan shinkafa, sukari da man gyaɗa sai ta watse, domin Turanci ya raba sunaye gida biyu. Akwai waɗanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, akwai kuma waɗanda ake ɗauka a dunƙule, ba sa karɓar lamba kai tsaye, ba sa karɓar jam'i, ba a sa musu a ko an a gaba. Sai an kawo ma'auni tukuna: buhu, kwalba, kilo.

Abin da ya ba ni sha'awa, 'yan kasuwar ba su buƙaci a koya musu wannan ba. Babu mai hatsin da zai ce maka ya sayar da gero huɗu. Olonka huɗu zai ce, wato gwangwanin awon da ake amfani da shi a nan Gana, ko buhu huɗu. Mai goro kuma da ƙwarya yake magana, goro ɗari ke nan. Don haka gyaran da muka yi ba a jimlar ya tsaya ba, sai da ya shiga cikin ginin manhajar: kowane kaya aka shigar, dole a zaɓa masa ma'auninsa, kuma ma'aunin ne ke ɗaukar lamba da jam'i. Layin ya koma "3 bags of rice", na Hausa kuma "shinkafa buhu 3".

A nan wata matsalar ta ɓullo. Turanci yana sa lamba kafin suna, mu muna sa ta bayansa, kuma a bakinmu "buhu uku" ya fi "buhuna uku" yawa. Jimlar da aka haɗa gutsure-gutsure bisa tsarin Turanci ba ta juyuwa zuwa Hausa. Sai da kowane harshe ya samu cikakkiyar jimlarsa, da gurbin da lamba za ta faɗa. Android yana da wurin da aka tanada don wannan, yana bin ƙa'idojin jam'i na Unicode, ƙungiyar da ke daidaita rubutun harsuna a kwamfuta, inda aka ware rukuni shida: sifili, ɗaya, biyu, kaɗan, da yawa, da saura. Larabci yana amfani da duka shidan, Turanci biyu kawai. Ko biyun ma da tarko a ciki. Bature yana cewa "0 bags" da "1.5 bags", duka da jam'i, alhali Faransanci yana ɗaukar sifili da ɗaya da rabi a matsayin tilo. Wannan ya shafe mu, tunda akwai masu sayayya daga Burkina Faso da ke son a ƙara musu Faransanci nan gaba. Game da sifili dai na ce a rabu da lamba gaba ɗaya, a rubuta "Shinkafa ta ƙare".

Sunayen da suka fi wahala ba na abinci ba ne. Kowa yana iya gane cewa sukari ba ya ƙirguwa. Amma me ya hana information ƙirguwa? Babu wani dalili na hankali, al'adar harshen ce kawai. A Hausa muna da bayani da bayanai, shawara da shawarwari, manhaja da manhajoji. Bafaranshe ma yana jam'inta nasa. Shi ya sa hannun Bahaushe ke zarcewa ya rubuta informations, advices, softwares, equipments, feedbacks, kuma duk na same su a shafin saituna. A Turancin Gana ana jin irin waɗannan kullum, daga tashar mota har ofis. Yaron ya kafa hujja da haka, ya ce ai kowa ya gane. Gaskiyarsa ta wannan fuskar, ni ma ba na tsayar da mutum a hanya in gyara masa magana. Amma rubutun da zai zauna a wayar mutum, wanda zai ba amanar lissafin kuɗinsa, gara ya bi abin da ba wanda zai yi masa kallon sakaci. Inda ake buƙatar ƙirgawa, sai mu sauya kalma: app maimakon software, tip maimakon advice, comment maimakon feedback.

Wasu kuma ƙafa biyu suke da ita. Code da mai shirya manhaja ke rubutawa dunƙulalle ne, amma lambar sirri da ake turo maka ta saƙo, wadda ita ma code ake kiran ta, ana ƙirga ta. Email ta fara a dunƙule kamar mail, yanzu kowa yana cewa ya samu uku. Stock na nufin kayan da ke shago, stocks kuma ya fi karkata ga hannun jari, don haka harafi ɗaya ya kusa mayar da mai garin kwaki ɗan kasuwar hannun jari. Turawan ma suna rigima a kan irin wannan. A 2008 kantin Tesco na Ingila ya fara sauya allunan "10 items or less" zuwa "up to 10 items", saboda masu cewa less na dunƙulallu ne, fewer na ƙirgaggu. Na ɗauki dabararsu: inda ƙa'ida ta jawo gardama, a sake gina jimlar yadda ba za a bi ta wurin ba.

Ɓangaren Hausa yana da nasa. Akwai akwatin da aka rubuta wa "Nawa?" kawai. Da muka kai wa wata Hajiya mai sayar da wake ta gwada, sai ta zuba farashi a inda ake son yawan buhu. Ta ce, "Malam, ai in ka ce nawa, kuɗi ka tambaya." Muka raba shi: "Buhu nawa?" da "Kuɗi nawa?", kalmar farkon tana sauyawa da ma'aunin kayan. Muka kuma sa alamar GH₵ a jikin kowane akwatin kuɗi, domin tun sauyin kuɗi na 2007 har yau akwai dattawan da ke kiran sidi ɗari na yanzu miliyan ɗaya, da tsohon lissafi.

Sai batun "ka" da "ki". Waya ba ta san ko namiji ne ke riƙe da ita ko mace ba. A zangonmu da yawa ba su damu da wannan bambancin ba, amma baƙin da ke zuwa daga Kano ko Sakkwato suna jin sa nan take. A kan maɓallai muka bar kalmar aiki tsurarta: Ajiye, Aika, Goge. A saƙonni muka koma ga "an" da "a": "An ajiye", "A sake gwadawa". Ba wanda aka kira da abin da ba shi ba, kuma dattijo ba zai ji na'ura tana ba shi umarni ba.

Kalmar credit muka cire ta baki ɗaya, tunda a nan da an faɗe ta hankali na tafiya ga kuɗin kiran waya, mu kuwa bashi muke nufi. Akwatin soke ciniki shi ma ya sha gyara. Da yana tambaya "Cancel sale?" sannan ya ba ka OK da Cancel, ka rasa wanne ne zai soke cinikin, wanne ne zai fasa sokewar. Yanzu kowane maɓalli yana faɗin abin da zai yi: ɗaya "Soke ciniki", ɗayan "A bar shi".