Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Akwatin da ya ƙi karɓar bindigata

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda aka ba ni takardar zama ta dindindin a Afirka ta Kudu, na kuma yi alƙawarin yau zan shiga labarin auren Auta. Ku yi mini afuwa, auren nan zai ɗan jira. Shekaranjiya ina kwashe tarkace a ɗakin ajiya sai hannuna ya faɗa kan wani guntun ƙarfe da bai kai akwatin ashana girma ba. Gindin gidan harsashi ne. Tun da na ɗauke shi nake juyi a kan gado, don haka gara in fitar da abin da ke raina.

Duk wanda ya san gidanmu ya san Baffa maharbi ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifinmu. Lokacin Dajin Rugu na namun dawa ne da makiyaya, ba abin da ya koma yanzu ba. In gobe za su shiga daji, tun hantsin yau Baffa zai shimfiɗa buzu a zaure, ya kwance adakarsa, ya goge bututun da tsumma da man gyaɗa, ya shanya albarushi, ya auna shi da ɗan ƙahon nan nasa. Ni ne mai riƙe masa tsumma. In na ƙosa na ce, "Baffa, ai tafiyar sai gobe," sai ya ce, "Ɗan nan, ba a fafe gora ranar tafiya." Bai taɓa ɗaga murya a kai ba. Sau nawa na ji wannan magana, Allah kaɗai ya san adadi.

Wani ɗan'uwa Musulmi da muke sallar Juma'a tare a Laudium, unguwar Indiyawa ta Pretoria, shi ya fara kai ni filin harbi wata Asabar. Na je ne da zaton zan ga mutane a jere suna saitin allo guda kamar 'yan sanda a fareti. Abin da na tarar daban ne. An kakkafa shinge da ganguna da ƙofofi, an ɓoye kwalaye a lunguna, ga farantan ƙarfe tsaye, mutum ɗaya ne a ciki yana gudu yana harbi, alƙalin fili na biye da shi riƙe da na'urar ƙirga lokaci. Mai tsara filin ya aza maka matsala ne kawai, ta inda za ka fara da inda za ka canja gidan harsashi kuwa, kai da dabararka. Wannan ne ya kama ni. Na tuna Baffa yana tsaye yana karanta iska da sawu kafin ya ɗaga ƙafa.

Wasan yana ƙarƙashin IPSC, ƙungiyar duniya ta irin wannan gasar harbi, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Takensu kalmomi uku ne na Latin da ake taƙaitawa DVC, wato daidaito da ƙarfi da sauri. Afirka ta Kudu tsohuwar hannu ce a ciki, don an yi gasar duniya a Roodepoort a 1979, aka sake yi a Pietersburg, da yanzu ake kira Polokwane, a 2002. Dattawan kulob ɗinmu da suka kalli ta biyun ba sa gajiya da labarin yadda Bafaranshen nan Eric Grauffel ya lashe ta, bayan ya ci ta Cebu a 1999 yana ɗan matashi.

Kafin in riƙe bindiga tawa ta kaina sai da na sha zirga-zirga. Dokarsu ta 2000 ta ce sai ka kai shekara 21, ka yi kwas, ka ci jarrabawa, 'yan sanda su ɗauki zanen yatsunka su ba ka takardar cancanta, ka kafa akwatin ƙarfe a bango, sannan kowace bindiga da lasisinta. Ina faɗar wannan ne saboda Yaya Babba. Da labari ya isa gida cewa ina "wasa da bindiga", shi ya zauna a ƙofar gida bayan la'asar yana gaya wa mutane wai na shiga ƙungiyar da ba a san kanta ba, wai kuɗin da ya kamata in gyara wa Inna ɗaki nake ƙonawa a harsashi. Ɗakin Inna ni na yi masa rufin kwano, ni na sa siminti, shaidu suna raye. Na san a gida yanzu kalmar bindiga kuka take jawowa, kuma ban ga laifin wanda ya tsorata ba. Amma Yaya bai tsorata ba. Ya san a zauren wa na tashi.

Kuma da ya ga tsarin filin da ya san ko a zauren Baffa ba a kai nan taka-tsantsan ba. Bindigarka a kube take, babu harsashi, har sai alƙali ya ce ka ɗura ka shirya. Akwai teburi guda da aka yarda ka taɓa bindiga, a nan kuma haramun ne ka taɓa harsashi. Kana gudu yatsanka ya shiga wajen kunama, an kore ka daga gasar gaba ɗaya. Bakin bindiga ya karkata ya wuce digiri 90 daga gaban fili, an kore ka. Babu roƙo, babu ɗan wane. Na ga an sallami wani dattijo da ya shekara talatin yana wasan, ya miƙa wa alƙalin hannu, ya tsaya har yamma yana taya mu liƙe ramukan kwali.

Lissafin maki shi ne ruhin abin. Kwali yana da yanki uku, A a tsakiya, sai C, sai D a gefe. A maki 5 ne ga kowa. Kuskure ɗaya a cire maka 10. Sai a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Gasa zango-zango ce, kowane zango da filinsa. Ƙaramin zango ba ya wuce harsashi 12, wato maki 60. Ka kawo 60 cikin daƙiƙa 10, kana da 6. Wani ya kawo 52 cikin daƙiƙa 8, yana da 6.5, ya wuce ka duk da saitinka ya fi nasa kyau. Na daɗe kafin zuciyata ta yarda da wannan, don Baffa harbi ɗaya ya koya mini, wanda ba a sakewa.

Sai maganar ƙarfi. Ana ninka nauyin ƙwayar harsashi, a ma'aunin da ake kira giren, da yawan ƙafa da take gudu a daƙiƙa ɗaya, a raba da 1000. Ya kai 125, kana ƙaramin ƙarfi. Babban ƙarfi kuwa 170 ne a rukunin Standad, 160 a Ofin, rukunonin bindigogi ne da zan yi bayaninsu nan gaba. Amfaninsa, mai babban ƙarfi in ya sami C yana da 4, D kuma 2, mai ƙarami 3 da 1. An yi haka ne don bindiga mai harbin baya da ƙarfi ta fi wuyar sarrafawa. Ba a yarda da bakinka ba. A tsakiyar gasa za a karɓi harsasai 8 daga ɗamararka, a cire ƙwayar ɗaya a auna a sikeli, a harba uku ta cikin na'urar auna gudu da bindigarka.

Da rukunin Furodakshin na fara, kamar yawancin mutane. Bindigar kamfani ce yadda ta fito, sai wadda ke cikin jerin da ƙungiya ta amince, harsashi 15 kacal a gida, kowa ƙaramin ƙarfi, kuma a lokacin dole nauyin jan kunama a harbin farko ya kai kilo 2.27. Glock 17 na riƙe. Har gobe ina ganin nan ne ake gane maharbi, don aljihu ba ya ceton kowa. Ofin kuwa na masu hali ne, da madubin saiti mai jan ɗigo a sama da abin rage tsallen bututu a baki, gidan harsashi har milimita 170. Akwai Kilasik na masu son tsohuwar ƙirar bindigar hannu ta 1911, akwai na masu bindiga mai juyi, su kaɗan ne amma akwai haƙuri. Shekarun da na yi a Furodakshin ba ni da abin faɗa a kansu, aiki ne da yara da Asabar.

Da na koma Standad ne abin ya faru. Dokar wannan rukuni a akwati take. Tsawonsa milimita 225, faɗi 150, zurfi 45. Bindigarka, da gidan harsashi babu komai a ciki an soka mata, dole ta kwanta cikin akwatin nan gaba ɗaya. Ka yi mata duk gyaran da kake so in ban da madubi da abin rage tsalle, muddin akwati ya karɓe ta. Shi ya sa kowa ke neman yadda zai cusa ƙarin harsashi ɗaya ba tare da gindin ya leƙo ba. Ni kuwa na shirya wa gasar lardin nan wata huɗu. Harsashina ni nake ɗurawa da hannuna, ƙwaya mai giren 180 mai gudun ƙafa 960 a daƙiƙa, lissafi ya haura 172, na bar wa kaina rata. Komai na auna. Komai, Allah shaida.

Daren jajibiri muna masauki, wani abokin harbi da ba zan kama sunansa ba ya shigo ɗakina da wannan guntun ƙarfe. Ya ce, "Alhaji, sa wannan a gidanka na farko, zai ƙara maka harsashi ɗaya. A dogon zangon gobe mai 32 sau ɗaya kawai za ka canja gida hankali kwance." Na ce ya shiga akwati? Ya ce da hannunsa ya gwada a irin bindigata. Wallahi a daidai lokacin na ji muryar Baffa kamar yana zaune a bakin gadon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ji ta sarai, na ɗauki sukuddireba na ɗaura.

Washegari na yi harbin da ban taɓa yin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Zango shida ban yi kuskure ko ɗaya ba. A na biyar akwai kwali mai lilo da ke leƙowa ya ɓuya, na sa masa A biyu a leƙowar farko, har 'yan rukunin tafiyarmu suka tafa. Na yi azahar a gindin wata bishiya ina ta godiya. Bayan nan muka isa teburin awo. Harsashi ya wuce lafiya. Sai jami'in ya ce in kawo gidajen harsashina duka. Na biyu ya shiga, na uku ya shiga, na huɗu ya shiga. Ya soka na farko, ya kwantar da bindigar, gindin ya hau kan leɓen akwati. Ya juya ta, ya sake gwadawa. Abin da ya leƙo bai fi kaurin tsabar kuɗi ba.

Mutumin kirki ne. Ya kira babban alƙalin gasa, shi ma ya gwada da hannunsa, sannan ya dube ni ya ce, "Ka yi haƙuri, ka san doka. Daga yanzu kana Ofin." Ba kora ba ce, an bar ni in ƙarasa, amma duk makin da na tara aka kwashe aka zuba cikin na masu madubi. Kamar a ce mai doki ya yi tsere da mai babur. Sunana ya fito can ƙasan takarda, kofin Standad na ajin shekarunmu kuma ya tafi hannun wanda na tabbata na ba shi rata a zango biyar cikin shida.

Jami'an ba su zalunce ni ba, kuma ban taɓa cewa sun yi ba. Akwati ba ya son kai. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da na nemi mai guntun ƙarfen a gaban mutane na ce, "Ba ka ce ka gwada ba?" sai ya buɗe hannu ya ce shi cewa ya yi yana jin zai shiga. Yana jin! Ban ƙara ko kalma ba. Mun ci gaba da gaisawa shekaru, na je jana'izar mahaifiyarsa, amma ban sake karɓar ko allura daga hannunsa ba. Na yafe masa tsakanina da Allah. Mantawa ce ta gagara.

Baffa yana raye a lokacin, ido ya tafi amma kai garau. Da na zo gida hutun ƙarshen shekara na zauna kusa da buzunsa na kwashe labarin duka na gaya masa, har da awon akwatin, ina gwada masa da tafin hannu. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni, "Bindigar ta yi maka ƙarya?" Na ce a'a. "Albarushin fa?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Bai maimaita karin maganar ba, kuma rashin maimaitawar ya fi yi mini zafi. Daga nan ya sa na kwatanta masa kwalin nan mai lilo har sau uku, yana murmushi yana cewa haka gada take yi a bakin rafi.

Da na koma na sa wani maƙeri ya ƙera mini akwati nawa na kaina daidai awon. Kowace Laraba kafin gasa nake kwantar da bindiga a ciki da gidajen harsashi ɗaya bayan ɗaya, daga ranar kuma ba na kwance ko ƙusa. Yaran kulob har aro suke zuwa yi.

Bayan rasuwar Baffa ban nemi gona ba, ban nemi gida ba. Adakar nan da ɗan ƙahon awon albarushi kawai na roƙa. Yaya Babba ya ce ai an riga an ba da su, bai faɗi wa aka ba ba, har yau. Shi da ya ce ina wasa da bindiga, shi ya rabu da ta Baffa kamar tsohuwar galma. In wanda suke hannunsa yana karanta wannan, ƙahon yana da tsaga a baki an ɗaure da jan zare, ni na ɗaure shi ina ɗan shekara tara. Ko nawa ne zan biya.

Guntun ƙarfen na mayar da shi cikin akwatin awo na rufe. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai auren Auta da rigimar lefen da Gwaggo ta tayar.