Ba Ke Kaɗai Ke Da Zuciya A Gidan Ba

Ƙannena mata, da ku nake, musamman waɗanda barci ba ya ɗaukarsu sai sun karanta wani abu daga labarin soyayya a waya. Ba zan ce ku daina ba. Ni ma makaranciya ce, tun kafin a haifi da yawa daga cikinku, kuma har gobe ina karantawa. Akwai dai wata ɗabi'a da karatun ya dasa mini ban ankara ba, wadda ta sa na cuci mutanen da ba su yi mini komai ba. Ita nake so ku sani tun da sauran lokaci.

A zamaninmu, shekarun 1990, littafin takarda ne, siriri, mai bango kala-kala, a raba labari ɗaya gida uku ko huɗu. Kano ce cibiyar bugawa da sayarwa, shi ya sa masana suka sa masa suna Adabin Kasuwar Kano. Ba kowa ke da kuɗin saye ba, sai a je shagon haya a karɓo, a karanta a mayar. A makarantar kwana littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana kaf, har bangonsa ya fita a ɗinke da zare. In na ɗaya ya tsaya daidai inda aka ɗaura aure, to ranar babu zaman lafiya sai an samo na biyu. Ku yanzu komai ya dawo muku waya: Wattpad, rukunonin WhatsApp, masu karantawa da murya a YouTube, da littafin kuɗi wanda sai kin biya a saka ki. Hanyar ce ta canza, amma yadda labarin ke shiga zuciya yana nan yadda yake.

Ga yadda yake shiga. Kusan kowane labarin soyayya daga gefen mutum ɗaya ake ba da shi. Marubuciya ta kama hannunki ta zaunar da ke a cikin zuciyar jaruma. Kin san dalilin kukanta, kin san abin da ta so faɗa ta haɗiye, ko laifi ta yi kin san niyyarta mai kyau ce. Sauran mutanen gidan kuwa daga waje kike hango su. Kishiya fuskarta kawai kike gani a ɗaure, da fitar da take yi da yamma zuwa wajen boka. Uwar miji muryarta kawai kike ji tana faɗa. Ƙannen miji sai harara da tsaki. Babu wanda ya shiga da ke ɗakinsu da daddare ki ji abin da ke hana su barci. Wannan ba laifin marubuciya ba ne, kowane labari dole ya tsaya a wani gefe. Amma yarinyar da ta taso tana zama a wannan kujera ɗaya, littafi bayan littafi, sai ta saba da ganin kanta ita ce jaruma, sauran jama'a kuma an halicce su ne don su so ta ko su ƙi ta. Haka na taso.

Gidan da aka kai ni akwai uwargida da 'ya'yanta. Tun kafin in ga fuskarta na gama sanin halinta, a ganina, domin na sha karanta irinta. Kwanakin farko ita ke aiko mini da abinci kamar yadda aka saba yi wa amarya. Wani dare ta aiko 'yarta da tuwon shinkafa miyar taushe, an zuba man shanu, kwanon har da zafinsa. Na karɓa na ce a gaishe ta. Da yarinyar ta fita na buɗe, ƙamshin ya cika ɗakin, ga yunwa ina ji, amma abin da ya faɗo mini a rai shi ne a irin wannan tuwon ake zuba asiri. Na rufe na tura ƙarƙashin gado. Da asuba kafin gida ya tashi na je na juye shi a kwata. Haka na riƙa yi har ta daina aikowa, ni kuwa na ɗauki dainawar a matsayin shaida cewa dama da wata manufa. Ta gaishe ni, in nemi abin da ke bayan gaisuwar. Ta yi shiru, in ce ƙulli take yi.

Da na haihu haihuwar fari ban samu zuwa wankan gida ba, mahaifiyata ba ta da lafiya. Matar nan ce ta riƙa tashi tun duhu tana hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa. Wata safiya tana tsaye a kaina tana taimaka mini da wankan, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba: "Amarya, na fa ga tuwona a kwata tun wancan lokacin. Ban yi fushi ba, na san yarinta ce. Amma na shiga ɗaki na yi kuka." Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce ya wuce, in juya ta zuba mini ruwa kada ya huce. Sai a ranar na fara tunanin yadda ta kwana daren da aka kawo ni: mace mai shekaru a gidanta, an yi wa mijinta sabon ɗaki, ta danne abin da ke ranta ta tuƙa tuwo ta aika wa wadda aka kawo. Duk karatuna ban taɓa zama a kujerarta ba ko sau ɗaya.

Kada ku fahimce ni ba daidai ba. Kishi gaskiya ne, akwai kishiyoyi masu cutarwa, akwai surukai masu matsa wa matan 'ya'yansu, kuma marubuta ba daga sama suka ɗauko waɗannan halaye ba. Abin da nake cewa shi ne ki bari mutum ya nuna miki halinsa da kansa. Kada ki shiga gida da hukuncin da aka riga aka yanke wa wata mata ta cikin littafi, ki ɗora shi a kan mace mai rai wadda ba ki taɓa zama da ita ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, domin ba ni ce na biya kuɗinsa ba. Kun san jarumin nan da ya cika labaran yanzu: miskili, mai kuɗi, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, ya tsani yarinyar, ya ci mutuncinta a gaban mutane, wani lokacin har da mari, sannan can wajen ƙarshe ya narke ya zama ba shi da tamkarta. Mu masu karatu muna haƙuri da shi ne saboda marubuciya takan ɗan buɗe mana ƙirjinsa lokaci-lokaci, ta ce zuciyarsa na bugawa, ta ce ya kasa barci. Mun san inda labarin zai sauka, shi ya sa wulaƙancin ba ya tsorata mu. A rayuwa babu mai buɗe miki ƙirjin kowa. Abin da ya yi miki da abin da ya faɗa miki, su kaɗai kike da su.

Wata 'yar uwata da na girme wa ta zo mini da damuwa ana gab da sa ranarta. Ta ce wanda zai aure ta yana yi mata tsawa a gaban ƙawayenta, yana ƙwace wayarta ya bincika, in ya yi fushi sai ya ɗauke ƙafa sai ta bi shi da ban haƙuri. Tsoro take ji, kuma ni ta zaɓa ta gaya wa saboda tana ganin na fi ta wayewa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kishi ne, irin waɗannan mazan in suka so mace sun so ta ke nan. Wallahi ba daga wani gida da na sani na samo wannan magana ba, daga littafi na samo ta. Aka yi auren. Tsawa ta koma duka, ta dawo gida da goyo da takarda. Ba ta taɓa cewa ni na jawo mata ba, kuma na san ba maganata kaɗai ta ɗaura auren ba. Amma ta zo mini da tsoron da ya dace, ni kuma na kashe mata shi. Da na ce mata ta je ta gaya wa mahaifiyarta ko wata gwaggo mai hankali, da wataƙila an tsaya an bincika. Don haka in ƙawarki ta kawo miki irin wannan kuka, ki tambaye ta abin da ya aikata, ki bar batun abin da kuke zaton yana ɓoyewa a zuciya, sannan ki raka ta wajen babba. Ke ma in naki ne, haka.

Batun dukiya ba sai na daɗe a kansa ba, kun fi ni sani. Jarumi ba ya rasa kamfani, ba ya rasa gida a Abuja, amarci sai Dubai. Ki karanta ki ji daɗi, amma malamin makarantar da ke zuwa zance ƙofar gidanku a kan babur ba da wannan ma'auni za ki auna shi ba. Haka littattafan da aka cika da batsa don a ja masu biya: ke kin san lokacin da labari ya ƙare aka koma wani abu daban, kuma kin san abin da yake bari a ranki bayan kin ajiye wayar. A nan ba kya buƙatar wa'azina.

Bayan abin da ya faru da 'yar uwata sai na yi tsalle na faɗa ɗaya gefen, wanda shi ma kuskure ne. Na tattara littattafaina na raba da su, na shiga ƙwace na ƙannena ina zaginsu. A 2007, lokacin da aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar a lokacin, ina cikin masu cewa gara haka. Abin da na samu kawai shi ne ƙannena suka koma karantawa a ɓoye, suka daina tattauna komai da ni, har abin da bai shafi littafi ba. Na kuma manta alherin da adabin nan ya yi mana. Mata nawa ne da aka cire daga firamare suka ƙware a karatun boko saboda son su ga ƙarshen labari? A waɗannan littattafan ne mata suka fito fili suka yi magana a kan auren dole, da hana yarinya karatu, da sakin wulaƙanci, a lokacin da ba a cika jin muryarsu a jarida ko rediyo ba.

Abin da ya dawo da ni karatu shi ne gano cewa akwai marubutan da suka zaunar da mai karatu a ɗaya kujerar tun tuni, ni ce ban neme su ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙaramar yarinya, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Labarin yana tare da uwargida ne, matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Da a ce irinsa na yawaita karantawa kafin aurena, da wuya in juye tuwon nan. Yanzu ma zaɓi ya fi da yawa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai, kuma a cikin labaran da ke fitowa za ki ji muryar bazawara, da 'yar gudun hijira, da uwar da ke jinyar ɗa, mutanen da labarin soyayya yakan bari a bakin ƙofa. Ki riƙa haɗawa da irin waɗannan. Wanda bai san tuwon kowa ba sai na gidansu, shi ke rantsuwa babu mai girki sai uwarsa.

Akwai wata al'ada da na koya wa kaina, nake kuma yi da 'yata yanzu da ta fara karatu. In mun gama labari sai in ce ta sake ba ni shi daga bakin wadda aka fi tsana a ciki. Me ya kai kishiyar nan wajen boka? Me ta gani a gidan ubanta? Uwar mijin nan da ke tsangwamar jaruma, wace irin wahala ta sha kafin ɗan nata ya zama mutum? Farko takan ce ai muguwa ce kawai. Da ta ɗan yi tunani sai labarin ya fara tsawo a bakinta, wani lokacin ma ya fi na asalin daɗi. Ba don a wanke mugunta nake sa ta yi haka ba, mugu mugu ne. Don ta saba ne da tuna cewa kowa a gidan yana da nasa ciki.

Ku kuma kuna da wata dama da mu ba mu samu ba. Mu sai an gama littafi an buga yake zuwa hannunmu. Ku kuwa shafi-shafi ake sako muku, marubuciya tana jin ra'ayinku tana ci gaba, kuma sau da yawa abin da masu karatu suka matsa a kai shi take bi, domin su ne kasuwarta. Na sha ganin yadda ake yi mata caa: a haukatar da kishiya, a makantar da ita, a sa uwar miji ta durƙusa tana kuka, a bar miskili da jaruma ko me ya yi mata. In marubuciya ta gwada ba kishiya shafi guda ta faɗi nata, sai a ce ta ɓata labari. Ki zama cikin masu ce mata ta ci gaba, kuna so ku ji. In jarumi ya ɗaga hannu ya mari mace, ki tambaye ta cikin ladabi ko za a nuna abin da marin ya jawo, ko kuwa za a shafe shi da kyautar mota a shafi na gaba. Marubutan nan yawancinsu mata ne 'yan uwanku, suna karanta saƙonninku, kuma da yawansu suna da labaran da suka fi waɗannan nauyi a ransu, masu karatu kawai suke jira.